Eugène Houdry (1892-1962), mutumin da ya ƙago matatar hayaƙin mota

A garajojin Tasawa da na Mayahi, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, akwai wani aiki da aka saba gani. Mai motar gazuwal zai kawo motarsa, ya ce ba ta ja, tana shan mai, ta kasa hawan tudun rairayi. Sai makaniki ya shiga ƙarƙashinta, ya yanke wata ƴar tukunyar ƙarfe da ke jikin bututun hayaƙi, ya farfasa abin da ke cikinta, ko kuwa ya walda bututu zalla a gurbinta. Wannan tukunya ita ce katalizar, watau matatar hayaƙi. Da yawa cikin masu cire ta ba su san aikin da take yi ba, balle su san wanda ya ƙago ta. Sunansa Eugène Houdry, injiniya ne Bafaranshe, kuma a cikin tarihinsa akwai darasi ga direba da makaniki da ma'aikacin gwamnati.

An haife shi ran 18 ga watan Afrilu na shekarar 1892 a garin Domont, kusa da birnin Paris. Mahaifinsa mai masana'antar ƙarafa ne. Ya yi karatun injiniya a makarantar koyon sana'o'i ta Châlons-sur-Marne, ya fita a 1911, shi ne na ɗaya cikin ƴan ajinsu. Daga nan ya kama aiki tare da mahaifinsa.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, aka ɗauke shi soja. Ya fara a rundunar masu igwa, daga baya aka mayar da shi rundunar tankokin yaƙi, waɗanda a lokacin sabon abu ne. A 1917 aka yi masa mummunan rauni a fagen Juvincourt, sa'ad da yake ƙoƙarin gyara tankarsa ana ruwan wuta. Gwamnatin Faransa ta ba shi lambobin girma saboda wannan jarunta.

Bayan yaƙi ya koma masana'anta, amma hankalinsa yana wajen mota, musamman motar tsere. A 1922 ya ziyarci Amurka, ya kalli tseren motoci na Indianapolis, ya kuma zagaya masana'antar Ford a Detroit. Abin da ya gano a tafiyar nan shi ne, maƙera sun iya ƙera inji mai ƙarfi, amma isansin da ake da shi ba shi da ingancin da zai ɗauki ƙarfin injin. Faransa kuwa ba ta da rijiyoyin mai na kirki, sai dai gawayin ƙasa. Saboda haka ya ƙudura niyyar fitar da isansi daga gawayi.

A nan ne ya shiga ilimin da ya riƙe har ƙarshen ransa, watau ilimin sinadarin da ake kira katalis. Katalis wani abu ne da ke gaggauta sauyawar wani abu zuwa wani, shi kuwa ba ya ƙarewa. Misalinsa kamar dillali ne a kasuwar dabbobi: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa har ciniki ya faɗa, amma dabbar ba tasa ba ce, gobe kuma zai dawo ya haɗa wasu. Houdry ya buɗe ɗakin gwaji a Beauchamp, ya yi ta gwada sinadarai ɗaruruwa. A 1927 ya dace da wani irin yumɓu wanda ke farfasa ɗanyen mai mai kauri ya mayar da shi isansi mai kyau. Ya kuma gano yadda za a ƙone dattin da ke manne wa yumɓun, don a sake aiki da shi.

Batun gawayi bai yi nasara ba. An gina masana'antar gwaji a kudancin Faransa a 1929, sai aka ga isansin da take fitarwa ya fi wanda ake sayowa daga waje tsada. Gwamnati ta janye tallafinta, aka rufe masana'antar. Houdry bai karaya ba. A 1930 ya ƙaura zuwa Amurka, ya haɗa hannu da kamfanin Vacuum Oil, daga baya da kamfanin Sun Oil. A 1937 aka buɗe babbar matatar farko mai aiki da dabararsa a Marcus Hook, cikin jihar Pennsylvania. Daga gangar ɗanyen mai ɗaya, an riƙa samun isansi mai yawa, mai ƙarfi kuma, fiye da na da. Matatun mai na zamani, ko da yake sun sake fasali, a kan wannan tushe suke tafiya.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Matatun Houdry suka ba da babban taimako wajen samar da man jiragen sama mai ƙarfi, wanda jiragen Ingila da na Amurka suka yi yaƙi da shi. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Houdry ya ƙi amincewa da gwamnatin Vichy. Shi da wasu suka kafa ƙungiyar France Forever don mara wa Janar de Gaulle baya. Gwamnatin Vichy ta soke masa zama ɗan ƙasa a 1941, a 1942 kuma ya zama ɗan Amurka.

Da yaƙi ya ƙare, motoci suka yawaita a biranen Amurka. A Los Angeles hayaƙi ya riƙa lulluɓe gari kamar hazon hunturu, idanu na zafi, mutane na tari. Houdry ya damu ƙwarai, domin ya yi imani cewa hayaƙin motoci da na masana'antu yana da hannu cikin yawaitar ciwon dajin huhu. Shi da ya ba mota mai mai ƙarfi, sai ya ga nauyi ne a kansa ya gyara abin da ke fita ta bayanta. Ya kafa kamfanin Oxy-Catalyst, ya fara da matatun hayaƙin masana'antu da na ƙananan injunan ɗaukar kaya da ke aiki cikin sito. Daga nan ya juya kan mota, a 1956 kuma gwamnatin Amurka ta ba shi takardar shaidar ƙago matatar hayaƙin mota.

Amma bai ga amfanin abin da ya ƙago a kan hanya ba. Isansin wancan zamani ana zuba masa dalma, dalmar kuwa tana lulluɓe katalis ta kashe shi cikin ɗan lokaci. Kamfanonin mota suka ƙi karɓa. Houdry ya rasu ran 18 ga watan Yuli na 1962 a Pennsylvania, yana da shekara 70. Sai a 1970 Amurka ta yi dokar tsabtace iska mai tsanani, daga 1975 kuma galibin sababbin motocinta suka fito da katalizar, suna shan isansi marar dalma. Ƙasashen Turai sun bi sahu wajen 1993. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar isansi mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Motocin gazuwal su ma an sa musu tasu matatar. A cikin tukunyar akwai wani dutse mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƴan giram na ƙarfe mai daraja, platin ko paladiyom. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ta ramukan, iskar guba marar wari wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki, da ragowar man da bai ƙone ba, sai su koma iska marar guba da tururin ruwa. Motocin baya-bayan nan suna da wata matata ta biyu mai kama baƙin toka; kamfanin Peugeot ne ya fara sa ta a motar 607 a shekarar 2000. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa hayaƙin gazuwal yana kawo ciwon dajin huhu. Abin da Houdry ya ji tsoro ya tabbata bayan shekara 50 da rasuwarsa.

Galibin motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ta Tasawa, da masu shiga ƙauyukan Mayahi ɗaukar gero da wake, tsofaffi ne da aka yi aiki da su a Turai. Dalili biyu ke sa a cire musu matata. Na farko toshewa. Na biyu kuɗi, domin akwai masu sayen ta saboda ƙarfen da ke ciki, har wani lokaci a cire ta mai mota bai sani ba. Toshewa kuwa alama ce ta wata cuta da ke can gaba: gazuwal mai farar wuta da yawa ko wanda aka gauraya, inji mai ƙona baƙin mai, bakin feshin mai da ya lalace, ko matatar iska da ƙura ta cika. Cutar da ta hana aikin Houdry tafiya a zamaninsa, watau mai marar tsabta, ita ce ke kashe matata a yau. Shi ya sa a 2020 ministocin ƙasashen Afirka ta Yamma suka tsai da shawarar rage farar wuta cikin man motoci.

In an cire matata, mota takan ɗan sami numfashi, amma cutar injin tana nan, guba kuma ta sami ƙofa. Mai shaƙar ta shi ne yaron mota da ke tsaye a baya, da mai tallar ƙosai a tasha da goyonta, da makanikin kansa. Don haka ya kamata a fara binciken inji kafin a ɗauki zarto, a sayi mai a wurin da aka amince da shi, a riƙa canja matatar iska a kan kari. Mai sayen tsohuwar mota ya sa a duba masa ƙarƙashinta kafin ya biya. Masu kula da motocin gwamnati da na asibiti su ma su riƙa dubawa in mota ta dawo daga gyara.

Houdry ya bar takardun shaidar ƙirƙira fiye da 100. Wadda ta fi kusa da talaka ita ce ƴar tukunyar nan da ba a gani sai an durƙusa.