Ira Aldridge da Wasan Othello

Gabatarwa

Othello yana ɗaya daga cikin manyan wasannin ban tausayi na William Shakespeare, kuma an gabatar da shi a fadar Sarki James na Ɗaya a shekarar 1604. Labarinsa shi ne na wani jarumi baƙar fata, shugaban sojan birnin Venice, wanda ya auri Desdemona, 'yar wani babban Bature. Iago, mai riƙe masa tuta, ya yi ta hura masa wutar kishi har ya kashe matarsa ba da haƙƙinta ba, da gaskiya ta bayyana kuma ya kashe kansa. Abin mamaki shi ne, fiye da shekara 200 Turawa ne suke shafa baƙi a fuska su fito a matsayin wannan jarumi. Mutumin da ya karya wannan al'ada a Landan shi ne Ira Aldridge.

Haihuwa da Tasowa

An haifi Ira Aldridge a birnin New York na Amurka ranar 24 ga Yuli, 1807. Mahaifinsa mai wa'azin Kirista ne, ya sa shi a makarantar da aka buɗe domin 'ya'yan baƙar fata. Tun yana saurayi ya shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙaƙe mai suna African Grove, wadda aka kafa a 1821. Tsangwamar Turawa ba ta bar ƙungiyar ta yi tsawon rai ba. Da ya ga ba shi da makoma a ƙasarsa, sai ya haye teku zuwa Ingila a 1824. A shekarar da ta biyo ya fito a matsayin Othello a wani ƙaramin gidan wasa a gabashin Landan, yana ɗan shekara 17.

Gwagwarmaya a Ingila

Don ya jawo 'yan kallo, Aldridge ya riƙa tallar kansa a matsayin jikan sarakunan Fulani na ƙasar Senegal. Masu bincike sun tabbatar da cewa ƙirƙirar labarin ya yi. Duk da haka ƙirƙirar tana nuna halin zamanin, domin Bature ya fi saurin sauraron ɗan sarki daga Afirka a kan talakan baƙar fata daga Amurka.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1833. A watan Maris, shahararren ɗan wasa Edmund Kean ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamalin Covent Garden yana tsakiyar wasan Othello. A watan Afrilu aka kira Aldridge ya hau wannan dandamali, daidai lokacin da Ingila ta ɗauki zafi kan dokar 'yanta bayi, wadda majalisa ta zartar a wannan shekara. 'Yan kallo sun tafa masa, amma jaridu da dama suka yi masa ca. Akwai waɗanda abin da ya ɓata musu rai shi ne ganin baƙin mutum yana taɓa Ellen Tree, Baturiyar da ta fito a matsayin Desdemona. Dare biyu kawai ya yi, aka dakatar da wasan. Daga nan ya koma zagayen ƙananan garuruwan Ingila da Ayalan har kusan shekara 20.

Ɗaukaka a Ƙasashen Turai

A 1852 ya fara rangadin ƙasashen Turai, inda ya sami girman da Landan ta hana shi. Sau da yawa yakan yi magana da Ingilishi, abokan wasansa suna amsawa da Jamusanci, amma motsin jikinsa da muryarsa sukan isar da saƙon. Sarkin Prussia ya ba shi lambar girma ta zinariya. A 1858 ya isa Rasha, inda ya ƙulla abota da mawaƙin Yukiren Taras Shevchenko, wanda a cikin bauta aka haife shi, har ya zana hotonsa. Ban da Othello, ya fito a matsayin Macbeth da Shylock da Sarki Lear, yana shafa fari a fuska, wato ya juya wa Turawa dabararsu.

Rasuwa da Tasiri

Aldridge ya rasu ranar 7 ga Agusta, 1867, a garin Lodz na ƙasar Poland yana cikin rangadi, a can kuma aka binne shi. 'Yarsa Amanda ce ta koyar da Paul Robeson lafazi lokacin da yake shirin fitowa a matsayin Othello a Landan a 1930. Robeson ya kai wasan New York a 1943, aka nuna shi sau 296. Al'adar shafa baƙi ba ta mutu da wuri ba, don kuwa Laurence Olivier ya yi ta a 1964, amma a yau manyan gidajen wasa na Ingila baƙar fata suke bai wa wannan matsayi.

Kammalawa

Gudummawar Aldridge ita ce ya sauya yadda ake kallon wasan. Idan baƙin mutum ne da kansa yake tsaye a kan dandamali, zagin launin fata da Iago yake yi ba ya wucewa a matsayin ado na magana, sai ya zama wani ɓangare na makircin da ya hallaka Othello. Da wannan fahimta ake nazarin wasan a yau.