Ernst May

Ernst May (27 ga Yuli, 1886 – 11 ga Satumba, 1970) masanin zanen gine-gine ne kuma mai tsara birane ɗan ƙasar Jamus. An fi saninsa da shirin gidaje na Sabuwar Frankfurt, wanda ya jagoranta daga 1925 zuwa 1930 a ƙarƙashin hukumar birnin.

Farkon rayuwa

An haife shi a Frankfurt. Ya yi karatu a Landan da Darmstadt da Munich, ya kuma koyi aiki a Ingila a hannun Raymond Unwin, mai tsara unguwanni masu lambuna. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin gina gidaje a yankin Silesiya.

Aiki a Frankfurt

A 1925 magajin garin Frankfurt, Ludwig Landmann, ya damƙa masa ragamar gine-gine da tsarin birni. A lokacin ana fama da ƙarancin muhalli, iyalai na cunkushe a tsofaffin gidaje masu danshi da duhu. Hukumar birnin ba ta tsaya jiran 'yan kasuwa ba. Ita ta samo filaye, ta zuba kuɗi daga harajin da aka ɗora wa hayar tsofaffin gidaje tun 1924, ta kuma yi gini ta hannun kamfanonin da take da mafi yawan jari a cikinsu.

Cikin shekara biyar an gina gidaje kusan 12,000, ciki har da unguwannin Römerstadt da Praunheim a kwarin kogin Nidda. Don rage tsada, ƙofofi da tagogi duk awo ɗaya aka yi musu, wasu bangaye kuma a masana'anta ake zuba su, a kawo a harhaɗa. Ƙaramin kicin da Margarete Schütte-Lihotzky ta zana a 1926 ya shiga gidaje wajen 10,000.

Sai dai kuɗin haya ya fi ƙarfin leburori da yawa, waɗanda tun farko dominsu aka faro aikin. Ma'aikatan ofis da ƙwararrun masu sana'a su suka fi tarewa. Da tattalin arziki ya karye a 1929, kuɗin shirin suka ja baya.

Rasha da Gabashin Afirka

A 1930 ya tafi Tarayyar Sobiyet da tawagarsa don tsara sababbin garuruwan masana'antu irin su Magnitogorsk. Ya bar ƙasar a ƙarshen 1933, amma gida bai komu ba, saboda 'yan Nazi sun hau mulki. Ya yi noma a Tanganyika, sannan ya koma zanen gini a Nairobi. Turawan Ingila sun tsare shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya yi wa Kampala tsarin faɗaɗa gari.

Ƙarshen rayuwa

Daga 1954 ya shugabanci sashen tsare-tsare na Neue Heimat, kamfanin gidaje na ƙungiyoyin ƙwadago, a aikin sake gina biranen da yaƙi ya rusa. Ya rasu a Hamburg yana da shekara 84.