Denis Papin, mai tukunyar tururi

In ruwa ya tafasa cikin tukunya, sai marfi ya dinga rawa. Tururi ne ke tura shi. Lita guda ta ruwa, in ta koma tururi, tana neman wurin da zai ɗauki kamar lita 1700. In aka kulle tururin, bai samu mafita ba, yana iya fasa ƙarfe. Denis Papin yana cikin mutanen farko da suka gano yadda ake sarrafa wannan ƙarfi.

An haifi Denis Papin a shekara ta 1647, kusa da garin Blois, cikin ƙasar Faransa. Ya yi karatun likita a garin Angers, ya gama a shekara ta 1669. Amma hankalinsa ya fi karkata wajen ƙere-ƙere. Sai ya tafi Paris, ya zama mataimakin wani babban masani ɗan ƙasar Holan, mai suna Huygens. Tare suka yi bincike a kan ƙarfin iska. A shekara ta 1675 ya ƙetare teku zuwa Landan, ya kama aiki da wani masani mai suna Robert Boyle.

A can ne, a shekara ta 1679, ya haɗa wata irin tukunya ta ƙarfe mai kauri. Ya yi mata marfi wanda ake ɗaurewa tam, ya kuma yi mata murhunta. Cikin buɗaɗɗiyar tukunya, zafin ruwa ba ya wuce digiri 100, ko nawa aka ƙara itace. Amma cikin tukunyar Papin tururi ba ya fita, saboda haka zafin sai ya wuce haka nesa. Nama mai tauri ya kan dahu nan da nan. Ƙashi ma ya kan yi laushi. Papin ya yi fatan talakawa su samu abinci da ita, ba tare da ƙona itace mai yawa ba.

Sai dai tukunyar tana da haɗari. In wuta ta yi yawa, tana iya fashewa, ta hallaka wanda ke kusa. Papin ya yi dabara. Ya huda ɗan rami a bisa tukunyar, ya toshe shi da ƙaramin marfi. Ya gitta sandar ƙarfe a kansa, ya rataya nauyi a ƙarshen sandar. In tururi ya fi ƙarfin nauyin, sai ya ɗaga ƙaramin marfin, ya fita da fito. Da ya ragu, sai nauyin ya sake rufe ramin. Wannan ƴar ƙofar tsaro ta ceci rayuka masu yawa. Har yau ana sa irinta a tukwanen tururi na masana'antu. A shekara ta 1682 aka dafa wa masanan Landan abincin dare da tukunyar, suka ci kifi da nama har da ƙasusuwan.

Papin Kirista ne ɗan ɗariƙar Furotesta. A shekara ta 1685 Sarkin Faransa, Luwi na 14, ya hana wannan ɗariƙa cikin ƙasarsa. Papin bai ƙara zama gida ba. Ya koma ƙasar Jamus, yana koyar da lissafi a jami'ar garin Marburg.

A shekara ta 1690 ya fito da wata sabuwar dabara. Ya samu bututun ƙarfe mai kama da famfon keke, ya zuba ruwa kaɗan a gindinsa. Ya sa wani faifan ƙarfe a ciki, wanda ke iya hawa da sauka. Da ya sa wuta, tururi ya tura faifan sama. Da ya janye wutar, tururin ya huce, ya koma ruwa, ƙarƙashin faifan ya zama wayam. Sai nauyin iskar waje ya danna faifan ƙasa da ƙarfi. Faifan ya jawo igiya, igiya ta ɗaga kaya. Injin yana da nawa, domin kowane lokaci sai an kawo wuta an kuma janye ta. Duk da haka ya nuna cewa wuta da ruwa suna iya yin aikin mutum da na doki.

A shekara ta 1707 Papin ya yi niyyar komawa Ingila. Ya ƙera jirgin ruwa mai ƙafafu masu juyawa maimakon filafili, ya shiga da iyalinsa. Da suka iso garin Münden, masu jiragen kogin Weser suka tare shi, don ba sa yarda baƙon jirgi ya bi ruwansu. Suka farfasa jirgin.

Ya isa Landan hannu wofi. Boyle ya daɗe da mutuwa, kuma babu mai taimakonsa da kuɗin gwaji. Ya ƙare rayuwarsa cikin talauci. An yi shekaru fiye da 300 ba a san ranar da aka binne shi ba. Sai a shekara ta 2016 aka ga sunansa cikin littafin wata majami'a ta Landan. An binne shi ranar 26 ga watan Agusta, 1713.

Aikinsa bai mutu ba. A shekara ta 1712 wani Baturen Ingila, Thomas Newcomen, ya gina babban injin tururi mai faifai cikin bututu, don jawo ruwa daga ramukan haƙar kwal. Bayansa James Watt ya gyara injin. Daga nan aka samu jirgin ƙasa da jirgin ruwa masu tafiya da tururi. Mutanen Blois sun kafa gunkin Papin cikin garinsu a shekara ta 1880.

Tambayoyi

1. Me ke sa marfin tukunya rawa?
2. Don me nama ke saurin dahuwa cikin tukunyar Papin?
3. Yaya ƴar ƙofar tsaro take aiki?
4. Me ya hana Papin komawa ƙasarsu?
5. Don me bai kamata a toshe gwangwani a ɗora shi bisa wuta ba?