Wiliyam Furud, mutumin da ya gwada jirgin ruwa tun ba a ƙera shi ba

Tawa na nesa da teku, amma shinkafa da sukari da ƙarfen gini da ake saukewa a kasuwarta sai da suka hau jirgin ruwa kafin su hau mota. Lafiyar tafiyar waɗannan jirage tana da tushe a aikin wani injiniya na ƙasar Ingila, Wiliyam Furud.

An haife shi ranar 28 ga watan Nuwamba 1810 a lardin Debon. Ya yi karatun lissafi a jami'ar Okisfod, ya gama a 1832. Da farko aikin hanyar jirgin ƙasa ya kama, kuma a 1837 ya shiga ƙarƙashin babban injiniya Burunel. Shi ne ya jawo hankalinsa ga teku, lokacin da ake ƙera ƙaton jirgin nan Great Eastern. Furud ya binciki abin da ke sa jirgi tangaɗi bisa raƙuman ruwa, ya gabatar da sakamakonsa a 1861.

A wancan zamani maƙeran jirage da gado da kintace suke aiki. Ba a sanin halin jirgi sai ya shiga ruwa, bayan an riga an kashe dukiya. Wani lokaci kuskuren da rayuka ake biyan shi: a watan Satumba 1870 sabon jirgin yaƙin Ingila mai suna Captain ya kife cikin guguwa, mutane wajen 500 suka halaka.

Furud ya ga cewa ana iya tambayar ƙaramin jirgi labarin babba. A 1867 ya sassaƙa ƴan jirage iri biyu, kowane iri girma uku, ya ja su a kogin Dart. Daga nan ya tabbatar da ƙa'idarsa: in babban jirgi ya ninka samfurinsa sau 25 a tsawo, to a ja samfurin da kashi ɗaya cikin biyar na gudun babban. Sa'an nan raƙuman ruwan da su biyun za su tayar siffarsu ɗaya ce. Masana da yawa sun ɗauki abin wasan yara. Duk da haka hukumar sojan ruwa ta ba shi fam 2000 a 1870, ya gina doguwar kwatarniyar gwaji mai tsawon mita 85 kusa da gidansa a Torki. Can yake jan samfurori na kakin farafin, yana auna ƙarfin da ruwa ke tare su da shi. Da aka ja jirgi na gaske, Greyhound, a teku, aka kwatanta awon biyu, sai suka dace. Gani ya kori ji.

Ya rasu ranar 4 ga watan Mayu 1879 a Afirka ta Kudu, inda ya je hutu, sojan ruwa suka binne shi da girmamawa. Ɗansa Robat ya ci gaba da aikin.

Waɗanda suka biyo baya sun faɗaɗa hanyarsa zuwa juyawar jirgi, da riƙe hanya, da tsayawa. A Faransa, kusa da Girenobul, an buɗe wata makaranta a 1967 inda matuƙa ke koyon shiga tasha da ƙananan jirage bisa wannan ƙa'ida. Haka ma masu tsara madatsun ruwa da magudanan noman rani, har yau da lissafin da ke ɗauke da sunan Furud suke aiki.