Abubakar Imam: Marubucin da ya kai labaran aljanu shafin littafin boko

Duk mai sha'awar labaran jarumta da aljanu da tsuntsaye masu magana, ko yana sayen littattafan a kasuwa, ko yana karanta su a wayar hannu, ko yana sauraron ana karanta su a rediyo, yana shan inuwar bishiyar da Alhaji Abubakar Imam ya dasa ne fiye da shekara 90 da suka wuce.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, don haka ya fara da karatun allo da na littattafan addini kafin ya shiga makarantar boko a Katsina. Daga bisani ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya kammala a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta garin.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a wancan zamani. A wurin malamai da yawa, alƙalami na ilimi ne da wa'azi da tarihi, ita kuwa tatsuniya aikin tsofaffi ce da yara bayan an ci tuwon dare. Malamin da ya zauna ya rubuta abin da bai auku ba yana iya zubar da girmansa. Imam, yana ɗan shekara 22, ya shiga gasar da Ruwan Bagaja. Littafin ya fito tare da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Labarin Ruwan Bagaja ya tashi ne daga Kwantagora, maƙwabciyar ƙasar Zuru, don haka ɗalibin da ya karanta shi a Bena ko Rijau ya ga cewa daga kusa da gida jarumin ya fita. Alhaji Imam ya bar garinsu don neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ya kuma wanke mariƙinsa daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ya yi shekaru yana yawo, suna ta cutar juna da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har ya kai ga duniyar aljanu kafin ya dawo da ruwan.

Ganin wannan basira ya sa aka kira shi Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. A littafi na farko, aku ne yake riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai, dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon da Waziri ya ɗana masa. Da yawa daga cikin labaran an samo tushensu ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai. Har yau manazarta suna muhawara a kan wannan aro. Amma abin da ba a musu a kansa shi ne, Imam ya sauya wa labaran suna da gari da ɗabi'a, ya zuba musu karin magana da barkwanci, har mai karatu ya ɗauka a zauren gidansu aka haife su.

A watan Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya rubuta labarin tafiyar a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, sa'an nan ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968.

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. Ahmadu Ingawa ya biyo shi da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma ya kai mai karatu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, littafin da ake lissafawa cikin na farko a labaran kimiyya na Hausa. Marubutan littattafan yaƙi da tsafi na Kano, waɗanda matasa ke bi kashi-kashi a yau, jikokin wannan gida ne.

Abubakar Imam ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981, yana da shekara 70. Littattafansa suna nan cikin manhajar makarantu da jami'o'i, ana kuma ci gaba da sake buga su.