Nana Asma'u 'Yar Shehu da Matan da Ta Ɗora wa Malfa

 

Da shugabanni suka ce bana mu 'yan kasuwa ne za mu cika shafin tarihi, sai da gabanmu ya faɗi. Mu ba malamai ba ne, da girmanmu muka koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci. To amma akwai maganar da ta tsaya mana a rai tun taron da ya wuce, wato ta asusun taimako, wanda wasu 'yan'uwa suke ganin a dakatar da shi a ba kowa nata, tunda kwanon masara ya yi tsada kuma jari ya karye. Ba mu ga laifinsu ba, mu ma a rumfa muke wuni, mun san yadda ciniki ya koma. Shi ya sa muka ɗauko tarihin wata baiwar Allah da kowa ya san sunanta, amma ba kowa ya san aikinta ba.

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a 1793. Mahaifinta shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu ne, ɗan'uwanta aka sa masa Hassan. Kun san al'adarmu, ita da Usaina za ta amsa, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyadina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, sauran matan Shehu ne suka riƙe ta. Gida ne da mata suke karatu kamar yadda maza suke yi, don Shehu ya yi faɗa ƙwarai da malaman da suke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhun jahilci. A nan ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da Larabci.

Tana da kamar shekara 11, a watan Fabrairu na 1804, zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira zuwa Gudu. Daga nan fa sai da aka shafe shekaru ba zama wuri ɗaya. Aka yi yaƙin Tabkin Kwatto a shekarar, aka yi na Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada, aka gangara Zamfara, aka isa Gwandu, Alƙalawa kuwa ba ta faɗi ba sai 1808. A tsakanin nan yunwa da cuta sun kashe mutane kamar yadda kibiya ta kashe. Duk wadda ta taɓa ganin iyalin da ruwa ya ci gidansu in kogi ya yi ambaliya a ƙasar Ajingi, suna zaune a ajin firamare da tukunya ɗaya da tabarma, to ta ga ɗan abin da yarinyar nan ta tashi tana gani. Mu dai a ganinmu daga nan tausayinta ya samo asali.

Cikin wannan hali aka yi mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Kun ga ke nan 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, daga baya kuma uwar Waziri, don ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa. Da ta so ta miƙe ƙafa a ɗaki a yi mata fifita har ta mutu, ba mai cewa don me.

Rubutu ta kama. Littafinta na farko da aka sani da Larabci ta yi shi a 1820, kuma abin da ya iso hannun mutane na rubuce-rubucenta ya haura 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa, ga shi tana jin yaren Buzaye. Abin da ya fi burge mu shi ne ta san wa take yi wa magana. In malamai ne sai ta yi musu da Larabci, in danginta ne da Fulatanci, in matan karkara ne sai ta sauko da Hausa, kuma a waƙe, don wadda ba ta iya karatu ba ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani gaba ɗaya a ciki, ta yi ta da harsunan nan uku. Akwai na koyar da alwala da salla da azumi, akwai na tarihin mahaifinta, akwai littafin da ta tara ayoyi da addu'o'in neman lafiya, har da abin da ya shafi mai ciki da mai naƙuda.

To ga inda maganar ta zo kanmu. Yaƙi in ya ƙare, mata yake bar wa wahala. Ƙauyuka suka cika da zawarawa da marayu, ga matan da aka kamo a yaƙi aka raba su da garuruwansu, kuma wannan ba abin da za mu ɓoye ba ne, haka zamanin yake. Yawancinsu ba su san komai na addini ba, in ciwo ya zo ko baƙin ciki sai gidan bori. Nana ba ta tura dogarai ba. Wajen shekarun 1830 ta fara tsarin da ake kira 'Yan Taru. A kowane gari sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mata suke jin maganarta, ta naɗa ta jaji. Mu 'yan kasuwa mun san kalmar, a wurin fataken da jaji shi ne mai jan ayari. Alamar naɗin kuwa malfa ce da jan ƙyalle da ake ɗaurawa a kanta. Irin wannan malfa a da Innar Gobir ce take sa ta, wato uwar 'yan bori ta ƙasar. Nana ta ɗauki abin da mata suka saba girmamawa ta ɗora shi a kan malama. Wallahi wannan dabara ce ta wadda ta san halin mutane.

Kuma ta san matar aure mai goyo ba ta barin gida, ga miji ga girki. Don haka masu tafiya su ne 'yan matan da ba a kai su ɗaki ba da iyayen da suka gama haihuwa. In an gama kaka, hanya ta bushe, sai jaji ta sa malfarta ta shiga gaba, su bi ta a ƙafa ko a kan jaki, wasu tafiyar kwanaki, har gidan Nana. Su zauna ta karantar da su, ta warware musu matsalolin da aka aiko su da su, su haddace abin da za su haddace, su koma su shiga gida-gida suna koya wa waɗanda suke cikin kulle.

Ba hannu rabbana suke zuwa ba. Matan da ba su sami tafiya ba kowace takan ba da abin da ya sawwaƙa, wannan hatsi, wannan man shanu, waccan zuma ko zaren da ta kaɗa ko ɗan ƙyalle. Jaji ta haɗa ta kai. Nana kuma ba rumbunta take zubawa ba, rabawa ake yi ga makafi da guragu da marasa lafiya da baƙin da ba su da kowa. Ku duba fa, masu bayarwar nan ba masu kuɗi ba ne, matan ƙauye ne da suka fito daga shekarun yaƙi da yunwa. Mudu ɗaya ɗaya ne ya taru ya ciyar da mutane. Ashe abin da muke yi bayan kaka, kowace mamba ta kawo mudun gero ko wake, ba mu muka fara ba.

Aikin jaji bai tsaya ga karatu ba. A garinsu su ne masu duba mara lafiya, su ne masu zama da mai haihuwa, su yi wa mace wanka in ta rasu, su share masallaci, su sasanta mata in an sami saɓani, su ja kunnen amarya. Ba albashi, ba kuɗin zama.

Akwai wani abu a halinta da muka daɗe muna juyawa a aji. Ta yi wa manya marsiyya, yayanta Bello da ya rasu a Wurno a 1837, da mijinta Giɗaɗo, da 'yar'uwarta Faɗima wadda ta yaba da ciyar da dangi da baƙi. Wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta kuma zauna ta yi wa matan da ba su da sarauta ko dukiya. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima saboda kirkinta da zumuncinta. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake kira in naƙuda ta zo ko in an yi rasuwa, kuma ba ta ƙin zuwa. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta yi ta jan ayarin mata shekara da shekaru har tsufa ya cim mata. Yau shekara fiye da 150 ana kiran sunayen matan nan saboda 'yar Shehu ta ga aikinsu ya isa a rubuta. Mu a nan Gaya da Ajingi muna da irinsu a kowace unguwa. Akwai wadda in an buga mata ƙofa ƙarfe biyun dare za ta yafa mayafi ta fito, kuma ko a taro ba ta buɗe baki. Mun ga ya kamata marubuciyar ƙungiya ta buɗe musu shafi a littafinmu tun suna raye.

Nana ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato kusa da mahaifinta. Allah Ya jiƙanta da rahama. Aikin bai bi ta kabari ba, ƙanwarta Maryam ta ɗauka ta ci gaba da shi daga Wurno. Wannan Maryam ɗin ma tamu ce ta wani gefen, don ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a gidan sarautar Kano kafin ta koma gida bayan rasuwarsa. Bayan Maryam wasu matan zuriyar suka karɓa. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sarauta ta juya, amma ayarin mata bai daina zuwa ba. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, da ta yi shekaru da yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da tsofaffi masu malfa suna nan suna aikinsu. Waziri Junaidu, wanda jinin Nana ne, ya buɗe mata takardun gidansu, ta fitar da littafin tarihinta a 1989, sannan ita da wata malama 'yar Amurka, Beverly Mack, suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Yanzu har a Amurka akwai mata Musulmi da suke kiran ƙungiyarsu 'Yan Taru. Makarantun Islamiyya masu sunanta kuwa, ku ƙirga na nan kusa da ku kawai.

Mun yi ta tambayar kanmu me ya sa nata ya daɗe, alhali mun sha ganin ƙungiyoyi an buɗe da kiɗa da anko, shekara biyu an watse an bar allon suna yana tsatsa. Abin da muka gano shi ne ba ta jingina aikin da aljihun mutum ɗaya ba, ko da kuwa na Waziri ne. Kuma ba ta raba karatu da taimako ba, wadda ta zo ɗaukar karatu ita ce ta zo da sadaka, ita ce kuma za ta koma ta duba mara lafiya. Sannan kowane gari da wadda aka sani, in abu ya faru an san ƙofar da za a buga. Mu a nan muke da rauni. Kayan taimako in sun taru, cikin gari suke tsayawa, wurin waɗanda muke gani kullum. Matar da mijinta ya tafi cirani Legas ko Fatakwal ya bar ta da yara biyar a wani ƙauye bayan Toranke ko Balan, sai labari ya zo mana a kasuwa bayan ta riga ta sayar da akuyarta ta ƙarshe. Bara ma haka ta faru, kowa ta sani, ba sai mun kama suna ba.

Don haka ga abin da mu 'yan rumfa za mu kawo gaban taro. Kada a rufe asusun taimako. In mudu ya yi wa mutum nauyi bana, ta kawo rabi, in hatsi babu ta kawo sabulu ko ƙuli-ƙuli ko kayan yaran da suka yi wa nata kaɗan, kuma kada a karanta sunan wadda ta gaza a bainar jama'a. Sannan a zaɓi dattijuwa ɗaya a kowane yanki, Kademi da Shagogo da Gamarya, Chula da Dundun da Kunkurawa da sauransu, wadda za ta riƙa kawo mana labarin gidan da wuta ba ta tashi ba, a haɗa ta da yarinya ɗaya mai karatun boko da za ta riƙe mata littafi da waya. Kuɗin mota daga asusu za a fitar, ba daga bakin zaninta ba. Malfa kam ba za mu saya ba, iyayenmu sun ce hijabinsu ya ishe su.

Wadda take da wata shawarar ta zo da ita ranar taro bayan sallar la'asar, za a saurari kowa kafin a ɗaga hannu. Masu kawo hatsi a taimaka a zo da shi a sheƙe, don bara sai da muka kwana biyu muna tsince tsakuwa.