Frankie Lymon

Franklin Joseph Lymon (30 ga Satumba, 1942 – 27 ga Fabrairu, 1968) mawaƙi ne Ba'amurke baƙar fata, wanda ya yi suna a matsayin jagoran ƙungiyar samarin mawaƙa ta The Teenagers.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin New York, a gidan talakawa. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mahaifiyarsa kuma tana aikatau. Tun yana ɗan shekara goma ya fara aiki a wani kantin kayan abinci domin tallafa wa iyayensa.

Shahara

Ya shiga ƙungiyar yana da shekara goma sha biyu. Sauran 'yan ƙungiyar su ne Jimmy Merchant da Sherman Garnes, baƙaƙen fata, sai Herman Santiago da Joe Negroni, 'yan asalin Puerto Rico. A shekarar 1956 kamfanin Gee Records ya fitar da waƙarsu ta farko, Why Do Fools Fall in Love, wadda ta kai mataki na shida a jerin waƙoƙin mujallar Billboard, ta kuma zo ta ɗaya a Birtaniya. Siririyar muryar Lymon ce ta ja hankalin jama'a, har aka riƙa sa sunansa gaba da na ƙungiyar.

Matsaloli

A 1957 ya rabu da abokansa ya koma waƙa shi kaɗai. A watan Yulin shekarar ya yi rawa da wata yarinya farar fata a shirin talabijin na Alan Freed, lamarin da ya fusata tashoshin kudancin Amurka, inda wariyar launin fata ta yi katutu, har aka soke shirin. Da ya balaga muryarsa ta yi kauri, sai kasuwar faya-fayensa ta faɗi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya kamu da jarabar hodar iblis ta heroin. A 1966 aka kama shi saboda ita, daga nan ya shiga soja, aka tura shi barikin Fort Gordon a jihar Georgia.

Mutuwa

Ya rasu yana da shekara 25 a gidan kakarsa da ke unguwar Harlem, sakamakon ƙwayar da ta yi masa yawa, a daidai lokacin da yake shirin komawa waƙa.

Bayan rasuwarsa

Da Diana Ross ta sake rera fitacciyar waƙarsa a 1981, mata uku, ciki har da mawaƙiya Zola Taylor, sun shiga shari'a kan gadonsa, kowacce tana cewa ita ce matarsa. Kotu ta ba wa wadda ya aura a Georgia a 1967 gaskiya. A 1993 aka shigar da The Teenagers cikin Rock and Roll Hall of Fame, a 1998 kuma aka yi fim kan rayuwarsa, inda Larenz Tate ya fito a matsayinsa.